Kundin aikin tantance littattafan koyon gina shafin intanet

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka fara aikin da muka daɗe muna ɗagawa a cibiyar koyon kwamfuta da nake koyarwa a nan cikin birnin Katsina, wato tantance littattafan da ake miƙa wa mai fara koyon gina shafin intanet, domin a fitar da wanda za mu iya ba ɗalibi ya tafi da shi gida ba tare da fargaba ba. Yawancin masu zuwa wurinmu matasa ne da suka gama sakandare suna jiran gurbin karatu, sai 'yan manyan makarantu da ke neman ƙari a kan abin da ake ba su a aji, kuma lokacin da muke yi tare da su a mako bai taka kara ya karya ba. Sauran lokacin littafi ne malaminsu. Idan littafin ya yi kyau sukan dawo da tambayoyi masu ma'ana, idan kuwa bai yi ba wasu ba sa dawowa gaba ɗaya, kuma sukan tafi da zaton cewa kansu ne ba ya ja.

Littattafan da suka zo hannu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani mai kauri da aka buga a Amurka, wanda aka sayo na hannu. Akwai mai koren bango da aka buga a Indiya, irin wanda ake samu a shagunan littattafai na kusa da makarantu. Akwai ƙaramin littafi da wani malami ɗan ƙasar nan ya rubuta domin ɗalibansa. Akwai ɗaurin fotokwafi da bangonsa ya ɓace, wanda ke yawo hannu zuwa hannu. Sannan akwai wani da ke zagayawa a WhatsApp, na koyon PHP, harshen da ake haɗa shafi da rumbun bayanai da shi. Dukansu da Turanci aka rubuta su. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, da kamanninsu zan riƙa kiran su.

Ba zan auna su da karatun kaina kaɗai ba, domin wanda ya riga ya iya abu idonsa yakan tsallake giɓi bai sani ba. Tsarin da na yanke shi ne a ba wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na kod ba littafin, ya zauna gaban kwamfuta ya bi shi shafi bayan shafi, ni kuma in zauna a bayansa in kama bakina, in riƙa rubuta wurin da ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Ban da haka, zan buga kowane misali da hannuna daidai yadda aka buga shi a takarda, sannan in saka shi a manhajar binciken kuskure ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Na fara da binciken shekarun littattafan, kuma shekarar da aka rubuta a bayan bango ba ta faɗar gaskiyar shekarun abin da ke ciki. Mai koren bango yana ɗauke da shekara ta kusa, amma layin farko na misalinsa na farko ya tona asiri, domin doguwar sanarwar nan ce ta HTML 4.01, ƙa'idar harshen rubuta shafi da aka fitar a 1999, alhali tun zuwan HTML5, wadda W3C ta tabbatar a watan Oktoba na 2014, kalmomi biyu kacal ake rubutawa a wurin. Daga nan sauran alamomin tsufa suka yi ta bayyana. Ana canza launin rubutu da alamar font, ana kai kanun shafi tsakiya da alamar center, ana tsara fasalin shafi gaba ɗaya da tebur a cikin tebur, kuma akwai babi guda cur a kan frameset, tsarin raba fuskar shafi gida-gida, wanda HTML5 ta riga ta yi watsi da shi. A ƙarshen kowane darasi marubucin yana umartar ɗalibi ya duba aikinsa a Internet Explorer, burauzar da Microsoft ta daina kula da ita a ranar 15 ga Yuni, 2022, sannan ya ɓata shafuka masu yawa a kan yadda ake saka Flash, abin nuna bidiyo da zane mai motsi a shafi, wanda Adobe ta rufe babinsa a ƙarshen Disamba na 2020. Tsohon rubutu ne aka yi wa sabon bango.

Abin da ya sa irin wannan littafi yake daɗewa a kasuwa shi ne haƙurin burauza. An gina ta ne ta yadda za ta ci gaba da nuna tsoffin shafuka, don haka alamar font tana canza launi har gobe, kuma ɗalibi yana ganin aikinsa ya fito lafiya, ba shi da wata hanyar sanin cewa abin da ya kwana yana haddacewa an bar shi tun yana goye. Sai ranar da ya nuna aikin ga wanda zai ɗauke shi aiki sannan zai ji labari. Manhajar W3C kuwa ba ta da wannan haƙuri, kusan kowane misali na littafin sai da ta jera masa kurakurai.

Duk da haka ba kowane tsufa ne yake cutarwa ba. Mai kauri ma ya kwana biyu, domin a ɓangaren JavaScript, harshen da ke sa shafi ya amsa wa mai ziyara, da umarnin var kaɗai yake aiki, bai san let da const ba, waɗanda suka shigo da ƙa'idar 2015. Amma bayaninsa a kan kanu da sakin layi da jeri da mahaɗi yana nan daram, kuma ya raba aikin HTML, mai tsara abin da ke cikin shafi, da na CSS, mai kula da kamanninsa, tun daga babin farko, wanda shi ne tushen da ake nema. Tun yarjejeniyar da W3C ta yi da ƙungiyar WHATWG a 2019, ƙa'idar HTML ta zama wadda ake yi wa gyara a kai a kai ba tare da jiran sabuwar lamba ba, saboda haka babu littafin takarda da zai kamo ta. Abin da zan iya nema daga marubuci shi ne ya gaya wa mai karatu hakan, ya kuma nuna masa inda zai duba, kamar taskar bayanai ta MDN da Mozilla ta buɗe tun 2005. Mai kauri ya yi wannan, mai koren bango bai yi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

An fara gwaji da ɗalibai, kuma na fara da mai kauri tun da shi ne ya fi tsira a binciken takarda. Wata ɗaliba da ta gama sakandare bara ce ta zauna da shi. Umarnin farko jimla ɗaya ce tak: a buɗe sabon fayil, a sa masa suna index.html, a rubuta misalin a ciki, a buɗe shi a gani. Ta shiga folda, ta danna gefen dama na linzami, ta zaɓi sabuwar takardar rubutu, ta canza mata suna kamar yadda aka ce, sannan ta buga misalin a tsanake, yatsan hagunta a kan layin littafi, na dama a kan madannai. Da ta gama ta danna fayil ɗin sau biyu, sai Notepad ta sake buɗewa da rubutun nan dai da ta buga. Ta rufe, ta sake dannawa, abin bai canza ba. Ta koma ta bi kowane harafi da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta goge wani layi da ba shi da laifin komai ta sake rubuta shi, daga ƙarshe ta juyo ta ce, "Malam, mi na ɓata? Ga shi na rubuta kamar yadda ya ce."

Ba ta ɓata komai ba. Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil idan nau'in da ta sani ne, don haka ainihin sunan da ke kan faifai shi ne index.html.txt, kuma abin da ɗalibar ke gani a fuskar kwamfuta rabin suna ne. Da na nuna mata inda ake bayyana ƙarshen suna ta goge haruffan da suka yi saura, nan take shafin ya fito a burauza. Marubucin ya san wannan sarai, amma ya daɗe da saninsa har ya manta cewa abu ne da ake koyo, kamar Bakatsinen da baƙo ya tambaya hanyar Gobarau sai ya ce masa ya bi ta bayan gidan wane, alhali baƙon bai san wane ba balle gidansa.

Tarnaƙi na biyu a wurin hoto ya zo. Misalin yana kiran hoto daga wata folda mai suna images, wadda littafin bai taɓa cewa a buɗe ba, domin hotunan suna cikin faifan CD da aka liƙa a bangon baya, faifan kuwa ya ɓace tun kafin littafin ya iso Katsina, kuma ko da yana nan yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba su da wurin saka shi. Ɗalibar tana da hoto a foldar da ake sauke abubuwa, ta rubuta sunansa daidai, amma sai ƙaramar alamar karyayyen hoto ta fito. Maganar yadda fayil yake gano ɗan'uwansa, wato ko suna folda ɗaya, ko ɗaya yana ciki, ko sai an hau sama da ɗigo biyu, ita ce ginshiƙin duk wani mahaɗi da hoto da fayil ɗin CSS, amma littafin da ya kusa kai kaurin ƙamus bai ba ta ko sakin layi ɗaya ba sai can cikin tsakiya.

A nan ƙaramin littafin malamin gida ya ba ni mamaki. Turancinsa yana ɗingishi, takardarsa ba ta da kyau, kuma kod ɗinsa ya tsufa kusan kamar na mai koren bango, amma ya keɓe shafukan farko ga adana fayil da tsara folda, da hoton kowane mataki, har da gargaɗin ɓoyayyen ƙarshen suna. Ana gani an san mutum ne da ya tsaya a gaban aji ya ga inda yara ke faɗuwa. Ɗalibin da na ba wannan littafi ya ga shafinsa na farko a burauza bai waiwayo ni ba ko sau ɗaya. Ra'ayina zuwa yanzu shi ne giɓin da marubuci ya bari ya fi tsufan bayani saurin korar mai farawa, domin tsohon bayani yana barinsa ya ci gaba da tafiya, giɓi kuwa yana tsayar da shi cak a rana ta farko.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

Ɗaurin fotokwafi ya sha kwafi a kan kwafi har tawada ta dushe, kuma a rubutun kod wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Harafin l da lamba 1 sun zama ɗaya, haka O da sifili, waƙafi mai ruwa ya koma ruwa biyu, baka mai lanƙwasa ta koma baka zalla. A CSS, waƙafi mai ruwa guda da ya ɓace yana kashe umarninsa da wanda ke bi masa, kuma burauza ba za ta ce uffan ba, tsallake su kawai za ta yi. Masu kwafowa daga PDF, da waɗanda suka fara bugawa a Word saboda ita suka saba da ita, suna gamuwa da wata matsalar daban, domin alamar zance takan zo a lanƙwashe maimakon a miƙe, ido ba ya bambance su sai an zura sosai, amma mahaɗi ya mutu ke nan.

Ba laifin marubuci ba ne an yi wa littafinsa fotokwafi. Laifinsa shi ne bai koya wa ɗalibi neman kuskure ba. Kusan kowace burauza ta kwamfuta tana da kayan bincike da ake buɗewa da madannin F12, inda take nuna saƙon kuskuren JavaScript da lambar layinsa, take kuma ja layi a kan umarnin CSS da ta ƙi karɓa. Mai kauri ne kaɗai ya ambace su, shi ma a rataye na ƙarshe da ba kowa ke isa ba. Na ƙara wani ma'auni a takardata: shin littafin ya taɓa sa ɗalibi ya ɓata kod da gangan domin ya ga yadda kuskure yake kama? Zuwa yanzu babu wanda ya yi.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Saboda azumi mun mayar da zama da safe, mun kuma taƙaita shi. Na ba ɗalibai aikin gina shafi guda a kan unguwarsu ko sana'ar gidansu, da Hausa, kowa ya bi tsarin littafin da ke hannunsa. Wani saurayi da ya rubuta a kan ƙofofin birni ya kira ni yana dariya, domin a shafinsa ƙofa ta koma Æ™ofa, Durɓi kuma ya koma DurÉ“i. Ya kwafi layin da mai koren bango ya sa a saman kowane misali, wanda ke shaida wa burauza cewa an rubuta shafin da tsarin haruffa na ISO-8859-1. Wannan tsari an yi shi ne domin harsunan Yammacin Turai, gurbi 256 kawai gare shi, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Akwai alamar fam ɗin Ingila, amma babu ta naira. Manhajar rubutunsa ta adana fayil ɗin da UTF-8, inda ƙ take cin bait biyu, sai burauza ta bi abin da aka gaya mata ta karanta kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa. Gyaran bai wuce canza wannan layi ɗaya zuwa UTF-8 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ɗaliban suka fara samo wa kansu kafin in iso. Wasu sun riga sun bi rubutunsu suna cire lanƙwasar haruffa, sun yanke cewa kwamfuta ba ta iya Hausa ba. Da irin wannan darasi ne ake samun shafukan makarantu da na ƙungiyoyi da aka rubuta Hausarsu ba ƙugiya, alhali haruffan suna cikin Unicode da manyansu da ƙananansu, kuma madannan Gboard na wayar da ke aljihun kowannensu suna da tsarin Hausa. Ko mai kauri, wanda ya sa UTF-8 daidai, cewa kawai ya yi a kwafi layin, bai faɗi aikinsa ba, domin mai rubuta Turanci zalla ba zai taɓa ganin bambanci ba.

Akwai wasu abubuwa na wannan fanni da babu littafin da ya taɓa. Dukansu suna sa en a gurbin harshen shafi ba tare da bayani ba, ɗalibi kuma ya kwafa, alhali lambar Hausa ita ce ha, kuma da ita injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi shafi suke gane harshen da ke gabansu. Ba su gaya wa mai karatu cewa wasu kyawawan salon haruffa ba su da ƙ da ɗ ba, ta yadda burauza za ta aro su daga wani salo su fito daban a tsakiyar kalma. Wani ɗalibi da ya yi karatun allo ya so ya sa baiti da ajami, kuma babu inda aka nuna masa yadda ake juya rubutu ya tashi daga dama, abin da bai wuce sa rtl a gurbin dir ba. Ba na zargin marubucin da ke Amurka da rashin tuna Bahaushe, amma wannan yana nufin ko da an sami littafin da ya cika, sai mun yi masa ƙari namu.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Bayan hutun salla an koma kan littafin PHP, kuma a kansa hukuncina ba shi da sassauci. Misalin farko na haɗa shafi da rumbun bayanai yana amfani da mysql_connect, umarnin da aka yi gargaɗin barinsa a PHP 5.5 a 2013, aka kuma cire shi gaba ɗaya a PHP 7.0 a Disamba na 2015. Duk wanda ya girka XAMPP na yanzu, ƙunshin da ke sa PHP ta yi aiki a kwamfuta, ya buga misalin, saƙo zai samu cewa ba a san wannan umarni ba. Na ji ɗalibai suna ba juna shawarar a nemo tsohuwar PHP a girka domin littafin ya yi aiki, wanda shi ne mafi munin mafita, tun da PHP 5.6, ta ƙarshe a jerin PHP 5, an daina toshe mata kafofin tsaro tun ƙarshen 2018.

Na gyara haɗin da hannu domin a ga sauran darasin, sai wani abu ya fito wanda ya fi na farko nauyi. Misalin rajistar ɗalibai yana ɗaukar abin da aka rubuta a fom ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi. Sunayen gwaji na littafin duk sun shiga lafiya. Da wata ɗaliba ta rubuta Asma'u, sai shafin ya tsaya da saƙon kuskure, haka ma Mu'azu da Sa'adatu, domin ɗan waƙafin sama da ke cikin sunan shi ne alamar da SQL take rufe zance da ita, don haka rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a Asma, ragowar kuma umarni ne. A ƙasar da ake da 'Yar'aduwa da 'Yanɗaka, fom ɗin da ba ya karɓar wannan alama ba shi da amfani ko da babu ɓarawo a duniya. To kuma ta wannan kafa ce ɓarawon yake shiga, domin wanda ya gane cewa alama ɗaya tana rufe zance zai iya ɗora nasa umarnin a bayanta, ya shiga ba da kalmar sirri ba ko ya kwashe bayanan jama'a. Maganin sananne ne, wato a aika umarni daban, bayanai daban, kamar yadda PDO da mysqli suke ba da dama, kuma bai fi hanyar littafin tsawo da layi uku ba.

Kalmar sirri kuma da md5 yake adana ta, tsohuwar hanyar da ake saurin fasawa, alhali password_hash da ta fi ta tsaro tana nan tun 2013. Teburan da yake ginawa da latin1 suke, tsarin haruffan da manhajar rumbun bayanai ta MySQL take zuwa da shi kafin fitowar 8.0 a 2018, wanda ko dai ya ƙi karɓar ƙ ko ya mayar da ita alamar tambaya. Waɗannan matasa su ne gobe za a ba aikin shafin sakamakon jarrabawa na wata makaranta ko rajistar wani ƙaramin asibiti. Na cire littafin daga jeri, na kuma roƙi ɗalibai su daina tura wa juna shi.

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Wani tsohon ɗalibinmu ya kawo sabon littafi fil, na ƙara shi cikin gwaji. Matsalarsa kishiyar ta sauran ce. HTML da CSS sun sami babi ɗaya a gurguje, daga nan sai a girka Node, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, a buga umarni a baƙin allo, a shiga React, manhajar gina fuskar shafi da Facebook ta saki a 2013. Umarnin farko kaɗai yana sauko da dubban ƙananan fayiloli, kuma ɗalibin da ya gwada da datar wayarsa ya zauna yana kallon layuka suna wucewa har aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar da ya riga ya gaji ya mutu a tsakiyar aiki. Kayan aikin da littafin ya dogara a kansa, Create React App, masu React da kansu sun sanar da barinsa a watan Fabrairun 2025, wato sabon littafin ya riga tsofaffin lalacewa. Wanda bai gane yadda fom yake aiki ba bai da abin yi da React tukuna.

Wannan ya kai ni ga zaton da dukan littattafan suka yi tarayya a kai, cewa mai karatu yana da kwamfutarsa shi kaɗai, da wuta, da intanet marar iyaka. Da yawa daga ɗalibanmu a waya suke atisaye idan sun koma gida, da manhajoji irin su Acode, kuma waɗanda za su ziyarci shafukan da za su gina kusan dukansu a waya za su buɗe. Tsofaffin littattafan suna kafe faɗin shafi da adadi tsayayye, kuma ba su da layin viewport, wanda idan babu shi burauzar waya takan shimfiɗa shafin kamar faɗinsa ɗigon fuska (pixel) 980 ne sannan ta ƙanƙance shi har sai an buɗa da yatsu biyu kafin a karanta. Tun 2010 Ethan Marcotte ya yi bayanin gina shafi mai bin faɗin kowace fuska, kuma tsarin grid na jera sassan shafi ya shiga manyan burauzoji a watan Maris na 2017, amma mai kauri a tsohuwar dabarar float ya tsaya. Babu kuma wanda ya yi maganar nauyin hoto, alhali hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda yake yana iya cin megabait da dama daga datar mai ziyara.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Matakin ƙarshe na gwaji shi ne fitar da shafi daga kwamfuta zuwa intanet, kuma yawancin littattafan a bakin nan suke sallama. Mun ɗora ayyukan ɗalibai a GitHub Pages, inda ake ajiye shafi marar rumbun bayanai kyauta. Hotunan wani ɗalibi, waɗanda suka fito lafiya a kwamfutarsa, duk sun ɓace bayan ɗorawa, domin sunan fayil ɗin Hoto.JPG ne shi kuma ya rubuta hoto.jpg, Windows ba ta damu da bambancin babban harafi da ƙarami ba, sabar da ke ajiye shafin a intanet kuwa ta damu. Babin ɗora shafi na mai koren bango bai san HTTPS ba, alhali tun Yulin 2018 Chrome take yi wa duk shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, kuma Let's Encrypt tana ba da takardar shaidar kyauta. Maganar yin rajistar suna mai ƙarewa da .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ba ta ko a littafin malamin gida.

Matsayin da ake ciki shi ne babu littafi ɗaya da ya tsallake shi kaɗai. Daga zango mai zuwa za mu ba ɗalibai shafukan farko na ƙaramin littafi domin adana fayil da tsara folda, sannan babobin HTML da na farkon CSS daga mai kauri, tare da takardar da ke nuna shafukan da za a tsallake. Sauran giɓin, wato haruffan Hausa, neman kuskure da F12, shafi mai bin faɗin waya, fom mai karɓar sunayenmu, da ɗora shafi, na fara rubuta musu ɗan jagora da Hausa, kuma daftarin babi na farko ya kammala. Ba zan gwada shi da ɗalibaina ba, tun da sun riga sun ji bayanin daga bakina. Wani abokin aiki da ke koyarwa a Daura ya yarda ya ba sababbin ɗalibansa bayan babbar salla, bisa sharaɗin nan na zama a baya da kama baki, zai kuma aiko mini da lambar kowane shafi da aka tsaya a kansa. Kafin lokacin akwai babobin fom na mai kauri da ban buga misalansu ba tukuna, da kuma binciken ko akwai littafin da ya yi bayanin rubutun alt, wato kalmomin da ke bayyana hoto ga wanda ba ya ganinsa, yadda ya kamata.